Kin Ce In Raka Ki Da Ƙafata

Da safiyar Talata, huɗu ga watan Maris na 2025, ina tsakiyar darasi a makarantar firamaren da nake koyarwa a Kafanchan, Gershon ya kira ni ya ce mahaifiyarsa, Goggo Yemima, ta huta. Ta cika a gidanta na Fadan Kagoma tana da shekara saba'in da huɗu, bayan zazzaɓin da bai kai mako ba. Na ajiye alli na zauna a bencin yara. Shekara uku da suka wuce bencin nan ba zai ɗauke ni ba, kuma wannan tunanin ne ya fara sa ni kuka.

Goggo, yayar mahaifina ce ke, amma ke kika raine ni tun da uwata ta rasu. Ƙaunarki a cikin kwano take zuwa. Gwaten acca, doya da manja, kunu mai citta, kuma kafin mutum ya cinye kin ƙara masa. A Zumuntar Mata ta majami'a ma nuna ni kike yi, kina cewa ga shaida ba ki da rowa. Ba na ɗora miki laifi, domin ni ma ban taɓa cewa ya isa ba.

Jikin da kike alfahari da shi ya zo ya fi ƙarfina. Ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyina suka ƙi. Keke Napep ke ajiye ni har ƙofar aji. Likita ya ce in ina son in ga auren 'ya'yana, sai an yi mini tiyatar rage tumbi, kuma aka ce inshorata ba za ta biya ba, sai dai daga aljihuna. Na tambayi kuɗin Indiya na yi dariya, na tambayi na wani asibiti a Abuja, shi ma kuɗina bai kai ba. Na ɓoye miki zancen.

Ranar Kirsimeti asirina ya tonu. Daga majami'a zuwa gidanki, tafiyar da kike yi kina waƙa, sai da na zauna sau uku, na ƙarshe a kan dutsen nan na gindin ɗorawa, ina haki. Kika tsaya a kaina har na faɗa miki komai. Ran nan ba ki ce in ƙara abinci ba.

A watan Janairu kika kwashe cittarki kaf aka kai kasuwa, har da irin da kika ware don shukar damina. Kowa a ƙasar nan ya san manomin citta yakan sayar da akuyarsa kafin ya taɓa iri. Gershon ya yi faɗa, ni ma na ƙi karɓa. Kika ce, “Iri zan roƙa wajen maƙwabta. Ke fa, Doreen, wa zai ba ni aron wata? Ran da na mutu ba na so keke ya kawo ki. Da ƙafa za ki raka ni.” Na ji haushin zancen mutuwar, ke kuwa dariya kika yi.

Da kuɗin nan da ɗan abin da na tara aka yi aikin a Abuja, aka kuma dace. Amma na san abin da ya fi ba ki wuya ba rabuwa da iri ba ne, ciyar da ni da ƙaramin kofin shayi ne. Kina auna mini romo cokali-cokali, hannunki na son ya ƙara, kina hana shi. Da na fara ramewa, mutane suka shiga raɗe-raɗin wai mugun ciwo ne. Kika miƙe a taron Zumunta kika faɗi gaskiyar magana, har da inda cittarki ta tafi. Kafin ruwan farko, matan nan sun kawo miki iri kwano-kwano, kika shuka gonarki cif.

Ranar Asabar, da aka fito da akwatinki daga majami'a, Gershon ya buɗe mini ƙofar mota. Na ce masa ya rufe. Na bi bayanki cikin matan Zumunta muna waƙa, muka wuce gindin ɗorawa, na kalli dutsen nan ban tsaya ba.

Ubangiji ya ji ƙanki, ya ba ki hutawa a wurin Yesu Almasihu wanda kika bauta wa. Ya ta'azantar da Gershon da ƙanwarsa Hellen, da jikoki, da dukan iyalin Kumai, da Zumuntar Mata ta Fadan Kagoma. Irin bana yana nan a ɗakinki, kuma in ruwa ya sauka da ni za a shuka shi.

Goggo, na raka ki har bakin kabari, kuma da ƙafata na zo.