Kaset-kaset ɗin Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ke gabatar da shirin Hausa a rediyo lokacin ina budurwa a zangon Hausawa na garin Salaga. Idan ya fara gaisuwa, mahauta kan ajiye wuƙa su saurara. Ba ya zama ofis. Rikodarsa a rataye, yau yana kasuwar shanu ta Bawku yana tambayar dillalai yadda suke tsallaka iyaka, gobe yana Yendi wajen makaɗa. Wanda Hausarsa ta haɗe da Dagbanci bai taɓa gyara masa ba. A haka yake sa shi a rediyo, mutum ya ji kansa ya yi ta murna.

Wata damina ya ɗauki muryar kakarmu. Ta ba da labarin yadda iyayenta suka zo fataucin goro daga Kano, ta yi waƙar da mata ke yi a bakin rijiya. Da aka sa shirin, gidanmu ya cika.

Bayan rasuwarta, Kawu ya riga ya yi ritaya, na roƙe shi ya raka ni gidan rediyon in samu kwafin shirin. Mai gadi sai da ya tsayar da shi yana tambayar wa yake nema! Sabon shugaban sashen, ko tashi bai yi ba.

"Tsofaffin kaset-kaset ɗin nan? Ai mun goge su, mun ɗora talla a kansu," in ji shi. "Babu sababbi."

"Duka?" Kawu ya tambaya.

"Baba, hirar tsofaffi ce fa kawai."

Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya riƙe hannuna. "Ɗiyata, mu tafi."

Har yau raina ɓaci yake. Tallan sabulu a kan muryar kakata! Rabin rayuwar mutum a bayan manyan motoci, a hanyoyin da ke karya ƙugu, kuma babu wanda ya aika masa ko da saƙon baki ya zo ya kwashe kayansa. Da sun faɗa, da kanmu za mu ɗauko su.

A motar komawa, da muka kusa gida, Kawu ya juyo wajena. Ya ce in rera masa abin da na tuna na waƙar. Baiti biyu kaɗai suka zo mini, na biyun ma ban tabbata ba.