Bindigar Baba Tanko Mai Karkata Hagu

A falonmu na unguwar Catford a London akwai wata tsohuwar hita ta ɗumama ɗaki mai ido uku, ɗaya ya mutu tun kafin mu tare a gidan. A gabanta Kaka Ladi, mahaifiyar babana, ke baje tabarma bayan isha'i, ta miƙe ƙafa tana mitar wai wutar Turawa ko hayaƙin albarka ba ta da shi. Jegon haihuwar ƙanwata ya kawo ta London, wata uku aka ce za ta yi. Har yau tana nan.

Ta iya tatsuniya, amma labarin da na fi so shi ne wanda ba ta buɗe shi da kirarin tatsuniya. Sai ta ce, "Wannan ba ƙarya ba ce, mijin nawa, gyara zama." In na amsa mata da Turanci ta kai mini dundu.

Labarin mahaifinta ne, Baba Tanko maharbi. Yana da wata bindiga mai araha, irin mai sakata, wadda bayan kowane harbi sai ka ja ƙarfen baya ka tura gaba kamar sakatar ƙofa. Kotarta ta tsage ya ɗaure da fata. Kuma tana da aibi, harsashinta kan karkata hagu da faɗin yatsa huɗu. Baba Tanko bai taɓa shiga dawa ba sai ya fara harba ɗaya a jikin suri, ya je ya duba ramin. Mutanen gari suna dariya, wai Tanko na farautar gara.

Wata damina gadu ya addabi gonakin rogo. Ɗan mai unguwa, Sale, ya dawo daga birni da sabuwar bindiga mai walƙiya, ya ce shi zai kashe shi. Baba Tanko ya ce ya gwada ta a suri tukuna. Sale ya ce harsashinsa ya fi ƙarfin gara. Da suka yi kiciɓis da gadun, Sale ya harba ya same shi a cinya, dabbar ta yo kansa ta kayar da shi. Nan Kaka kan ɗaga hannu kamar yadda Baba Tanko ya ɗaga bindigarsa, ta auna labule, ta matsar da hannun dama kaɗan. "Yatsa huɗu," in ji ta. "Tau! Sau ɗaya." Gadun ya faɗi matacce, Sale ya tsira da ɗingishi, kuma Baba Tanko bai taɓa yi masa gori ba, shi ya riƙa kai masa magani har ya miƙe.

"To wacce ta fi kyau, Kaka?" nakan tambaya.

"Kai dai sakarai ne. Ba a tambayar kuɗin bindiga, halinta ake tambaya. Mai karkata kullum wuri ɗaya ai ba ta yi maka ƙarya ba."

Na girma na sami aikin kula da dazuzzuka a bayan London, inda barewa ke cinye dashen itatuwa. Aka ce in ina son a tabbatar da ni a aikin sai na ci jarrabawar harbi, kuma dama biyu kawai za a ba ni. Da lasisina ya fito na sayi mai sakata mafi araha a shagon, kotar roba, kunamarta da ɗan tauri. Wata shida ina atisaye da ita, har na gane harbinta na farko kan ɗan yi sama in bakinta da sanyi. Ba ta taɓa ƙin tashi ba, ko cikin ruwa ko cikin laka.

Ranar jarrabawa na ga bindigogin mutane, kotar katako mai sheƙi, sai kunya ta kama ni. Wani dattijon abokin aikina, mutumin kirki, ya ce in ari tasa. Na karɓa da rawar jiki. Kunamarta laushi gare ta, kafin in gama saiti ta tashi. Na faɗi jarrabawar. A mota na zauna ina jin haushin kaina, domin na san sarai wane ne ni a labarin Kaka, kuma ba Baba Tanko ba ne.

A karo na biyu na ɗauki tawa. Na sauke saitin farko ƙasa kaɗan, na ja sakata, na sake. Na ci.

Naman barewar farko da na harba na sa aka yi dambu, na kai wa Kaka. Yanzu ta tsufa ƙwarai, wani lokaci sunana ma kan ɓace mata, ta kira ni da na babana. Na durƙusa na ce, "Kaka, mijin naki ya zama maharbi."

Ta ɗanɗana, ta daɗe tana tauna, tana kallona kamar baƙo. Har na fidda rai. Sai ta kama hannuna ta ware yatsuna huɗu.

"Ka dai fara harba ta a suri ko?"

Na ce na harba, Kaka. Ta saki hannuna ta ƙara ɗibar dambun.