Sauron Cikin Wayar 'Yata

Ni ne da laifi, kuma ba zan lulluɓe shi ba. Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, amma abin da na yi wa 'yata a tsakar gidan wana, a kan sauron cikin waya, ba zai bar raina ba har in koma ga Allah. Masu cewa babba ba ya tona kansa su yi ta faɗa. Na gaji da jin labarin a karkace a bakin wasu, gara in ba da shi da bakina.

Mu manoma ne a wani ƙauye kusa da Makoda, inda gonar wannan ke jingine da dangar wancan, ko tari ka yi maƙwabci ya ji. 'Yata tana karatun koyarwa a Bici. Da damina ta zo hutu da wata waya mai wasa a ciki. Wasan na wani ƙaramin ƙauye ne: kana da gidanka da gonarka, ka yi shuka, ka je kamun kifi, ka ɗauki raga mai sanda ka bi ƙwari. Duk wanda ka kama sai ka sa a kwalba ka kai wani ɗaki da ake jera su. Ta kama fara da gyare da buzuzu da malam-buɗe-littafi. Sauro ne ya gagare ta, don ba ya fitowa sai da damina, sai kuma rana ta yi sanyi, in ka yi nawa ya cije ka ya gudu.

Na ce mata, "Ke da Allah ya ba ki sauro kyauta a bayan ɗaki, shi ne kike nemansa a waya?"

Ta ce, "Na bayan ɗaki shi ke kama mu, Baba. Wannan ni zan kama shi."

Har ta miƙo mini na gwada da wannan ƙaton yatsan nawa na fartanya, na kai raga na buge bishiya, muka yi ta dariya. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da jahilci. Na san wasa ne, da hannuna na taɓa.

Wana yana da 'yar ƙaramar yarinya da ke manne da 'yata duk inda ta zauna. Ranar da aka kama sauron suna tare a kan tabarma, suka yi ta tsalle da ihu har kaji suka watse. Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da yarinyar. Jiki kamar garwashi, tana fizge-fizge, tana sambatu. Cikin sambatun take ta kiran sunan 'yata tana cewa, "Ta kama, ta sa a kwalba."

A wurinmu, tun zamanin kakanni, an yarda cewa maye yana kama kurwar mutum ya ɓoye ta a siffar ƙwaro, mara lafiyar kuma ya yi ta kiran sunan wanda ya kama shi. Maganin, in ji su, a sa wanda ake zargi ya tsallaka mara lafiyar, kurwar ta koma. Wasunmu suna zuwa coci, wasu masallaci, amma da aka ji wannan sambatu duk sai aka koma gidan jiya. Kafin la'asar tsakar gidan wana ta cika, an shimfiɗe yarinyar a tabarma, an aiko a kira ni da 'yata.

Matar wana tana kuka tana cewa, "Ta sakar mini 'ya! Duk garin nan wa ke tara ƙwari a kwalba in ba ita ba?"

Wana ya dube ni ya ce, "Kai ne ubanta. Ka yi mata magana."

Nan ne na faɗi. Na kalli taron, na kalli wana da muke noma gona ɗaya tun rasuwar mahaifinmu, sai tsoro ya kama ni. Na matsa kusa da 'yata na yi ƙasa da murya na ce, "Tsallaka kawai a zauna lafiya. Ɗaga ƙafa ne, me zai rage miki?"

Ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta ce, "Baba, kai ma?"

Na ce, "Na san ba ki yi komai ba. Don a rabu da maganar ne."

Ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "In na ɗaga ƙafata yau na amsa ni mayya ce. An ce a nono ake sha, to Inna ma ta zama mayya, ƙannena ma haka. Ba zan tsallaka ba. Yarinyar nan zazzaɓin cizon sauro ke damunta, ku kai ta asibiti."

Wata tsohuwa ta ce, "Ka ji bakin 'yan boko. Ubanta ma ba ya iya da ita."

Wannan maganar ce ta hau mini kai. Na fizge wayar daga hannunta na maka ta a kan dutsen niƙa, na sake ɗauka na maka. Ta tsaya tana kallon tarkacen, ko hawaye ba ta yi ba. Ta ce, "Waya ka fasa, Baba. Ƙafata tana nan inda take." Ta juya ta fita, ta tare mai babur a bakin hanya ta kawo shi har ƙofar gida. Ganin numfashin yarinyar yana sama-sama ya sa wana ya saɓe ta suka tafi. Aka gwada jini, zazzaɓin ne. Aka yi mata allura da ƙarin ruwa, ta tashi.

Na ɗauka magana ta mutu. Ashe ni na ba ta rai. Sai aka shiga cewa ai da uban ya fasa wayar ne kurwar ta kuɓuta, in ba don ya san abin da ke ciki ba me zai sa ya fasa? Hannuna ya zama shaidar da suke nema. Mata suka daina sayen daddawar matata. Yara suka daina shigowa gidanmu shan ruwa. 'Yata ta koma Bici, hutu ya zo ta wuce wurin ƙanwar uwarta a Rijiyar Zaki. Matata ta daina yi mini magana sai ta tuwo da ruwan wanka, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan an cire gyaɗa na hau mota na same ta a makaranta. Na fara kame-kamen ba ta haƙuri, ta tare ni cikin ladabi ta ce, "Baba, ba a nan aka yi ba." Ta fi ni gaskiya. Na ce ta zo gida ranar Asabar.

Ranar Asabar da ta iso, na bi gida-gida na kira duk wanda ya tsaya a wurin ran nan, har tsohuwar, zuwa tsakar gidan wana. Da wana ya gane abin da zan yi ya ja ni gefe ya ce, "Kada ka zubar mana da girma. Ina ka taɓa ganin uba ya ba 'ya haƙuri a bainar jama'a?"

Na ce, "Yaya, a bainar jama'a na zubar da nata. Wanda bai taɓa gani ba yau zai gani."

Na gaya wa taron cewa na san wasan, na buga shi da hannuna, ba kurwar kowa a ciki sai zanen sauro. Na ce tsoronsu ne ya sa na fasa wayar, kuma duk mai sauran magana ya kawo mini ita ƙofar gidana da rana tsaka. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka tashi suna gunaguni. Har yau akwai waɗanda ba ma gaisawa, kuma ban rame ba. Abin da na koya shi ne, zaman lafiyar da za a saya da mutuncin ɗanka ba zaman lafiya ba ne, kuma wanda ya san gaskiya ya yi shiru ya fi mai ƙagen laifi.

Sannan na juya wurin 'yata a gaban taron, na cire hulata na ce, "Na san ba ki da laifi, na kuma ce ki tsallaka. Kin tsaya inda ya kamata ni in tsaya. Na cuce ki, na cuci uwarki. Ki yafe mini, 'yata."