Wanda Ke Karɓar Wutar Igwa

Shekarun baya, lokacin da ake gina garun birnin Damagaram, maƙeran sarki suka soma zuba igwa da tagulla. Al'adar 'yan bindiga kuwa, duk sabuwar igwa, wanda ya shigo aikin daga baya shi zai fara sa mata wuta a bayan gari. Kowa ya san sabuwar igwa ba ta da amana. Wata ta yi aman wutarta gaba, wata ta tarwatse da mai kunna ta.

A shekarar da ɗana tilo ya shiga aikin, layi ya faɗo kansa.

Yayana ya daɗe cikinsu. Ƙarar igwa ta cinye masa kunne ɗaya, ga tabo a wuyansa, ga shi miskili, sai ka yi masa magana goma ya amsa ɗaya. Na je na same shi da kukana, na ce ya roƙi Kacalla, shugabansu, a ɗaga wa yaron. Ya ci gaba da gyaran takalminsa, ya ce al'ada ce. Na fito ina faɗa masa maganganun da na ji daɗi bai ji su ba, don kurma ne.

Ranar gwaji da hantsi na laɓe cikin mata. Ɗana ya nufi igwa da bakin wuta a hannu. Sai ga yayana ya taso ba gaggawa, ya kama hannunsa.

"Kawo, yaro. Ba ka iya riƙewa ba, za ka ba mu kunya."

Kacalla ya kau da kai kamar bai gani ba. Yayana ya sa wa igwar wuta, sai ta tsage ta gefe, ta tafi da yatsun yayana biyu. Ya naɗe hannun da rawaninsa ya taka gida da ƙafarsa.

Daga nan na addabi matan bakin rijiya da fahariya, ni mai yayan da ya fanshi ɗana. Har fura nake aika masa Guna, inda ya koma noma da ya tsufa. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Da ya rasu, muna zaman makoki, wata tsohuwa daga Zarmu da ban taɓa gani ba ta riƙe hannuna.

"Baiwar Allah, ke ce ƙanwarsa? Shi ya karɓi wutar ɗana."

Kafin in amsa, ta kusa da ita ta ce ita ma haka. Wata daga bakin ƙofa ta ce nata har tsawa ya sha, wai bai iya riƙewa ba. Na kasa ko kuka. Ashe tun igwar farko haka yake yi, tabon da ke wuyansa da kunnen da nake yi wa tsiya duk na 'ya'yan mutane ne.

Har yau idan na tuna shi tsigar jikina tashi take. Na tashi ɗaki ɗaya da mutumin nan, ban san shi ba sai a bakin baƙi. Allah Ya jiƙansa.