Ranar da Aka Toshe Dala Ina Ciki

Aikin nan ya ci ni, babu wani daɗi da zan ce na ji a cikinsa. Shekara biyu na yi ina hawa da sauka a jikin wani gini a Dubai, gwiwata ta hagu har yau ba ta yafe mini ba. Da asuba mota ke kwashe mu daga Satwa, inda muke kwana mu shida a ɗaki ɗaya, ba ta dawo da mu sai rana ta faɗi.

Ginin siffar dala ce da shi, faɗi a ƙasa, tsini a sama. Ni kuwa dala na san ta tun ina ƙarami a Kano. Mahaifina ɗan dako ne, yana cikin masu jera buhunan gyaɗa har su yi tsini. Dalar gyaɗa cike take dam, ba ɗaki, ba ƙofa. Saboda haka da na ga wannan ban ji komai ba.

Shugaban ayarinmu wani Bamisire ne, magini, mai ƙaton tumbi, muna ce masa Usta. Shi da yaransa suke ɗora fala-falan duwatsu a jikin ƙarafa daga waje. Tsakanin duwatsun da ainihin bangon siminti akwai wani lungu mai duhu, mutum ba ya miƙewa a ciki sai rarrafe. Aikina shi ne in shiga nan da tocila in ɗaure noti, in share tarkace. Doka ɗaya ce tal. In za ka shiga, ka cire falmaran ɗinka mai ruwan lemo ka rataye a bakin ramin shiga lungun. Muddin falmaran na nan, ba mai ɗora dutsen ƙarshe.

Wata rana muna cin gurasa da wake, Usta ya zungure ni da gwiwar hannu. Ina jin Larabci kaɗan-kaɗan, wanda na tsinta a Jidda.

"Ya Haj, ka san me kake ginawa?"

"Gini," na ce.

"Kabari ne, habibi. Kakannina suka fara shi. Don gawar Fir'auna ake yi."

Na ce a'uzu billahi, na ajiye gurasar. Shi kuwa sai daɗi ya kama shi. Ya ce duwatsun can ba irin waɗannan 'yan fale-falen namu ba ne, kowanne ya fi ɗakin kwananmu nauyi. Wasu daga kudu ake kawo su a jirgin ruwa idan kogi ya cika. A ɗora su kan katako, a zuba ruwa a yashi, mutane su ja da igiya, su hau tudun ƙasa da aka tara a jikin ginin. A can tsakiya akwai ɗakin gawa, da wata siririyar hanya mai gangara. Idan an ajiye sarki, sai masu aiki su sako manyan duwatsu daga ciki su toshe hanyar.

"Daga ciki?" na ce. "To su fa, ta ina suke fita?"

Ya busa hayaƙin sigari, ya dube ni da ido ɗaya. "Wa zai bar wanda ya san ɗakin sarki ya koma gida?"

Ranar Juma'a na ba wani abokin kwanana labari, mutumin Damagaram, ɗan kasuwa mai tura kaya gida, ya yi boko irin na Faransa. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Haba Malam, tsokanarka yake! Sun haƙa wa kansu wata 'yar rijiya ta gefe, ta nan suka zurara suka fita. An ma tono kaburburan masu aikin a kusa da dalar, kowa da nasa."

Ban yarda da shi ba. Shi a takarda ya gani, Usta kuwa ƙasarsu ce. Tun daga nan in na shiga lungun sai in riƙa waiwaye.

Da bazara ta yi tsanani aka riƙa dakatar da aiki da tsakar rana. Kowa ya nemi inuwa. Ran da abin ya faru ina cikin lungun lokacin da aka busa usur. Waje kamar tanda, ciki kuwa simintin da ɗan sanyi. Na ce bari in ɗan kishingiɗa. Babu abin matashi, sai na miƙa hannu na zare falmaran daga bakin ramin, na naɗe, na tura ƙarƙashin kaina. Ni da hannuna na yi. Ba wanda zan ɗora wa.

Da na farka, babu hasken nan mai kusurwa huɗu da na saba gani. Na zaci idona ne. Na kunna tocila na rarrafa inda ramin yake, na taɓa. Dutse. An ɗora, an ɗaure.

Na yi ihu. Na kira Usta, na kira Allah, na kira mahaifiyata da ta rasu tun da daɗewa. A waje injin yankan dutse yana kuka, ni kaina ba na jin muryata sosai. Wayata tana cikin jaka a ƙasa. Gorar ruwana saura kurɓa biyu, na shanye ban ma sani ba. Rana ta juyo ta bugi duwatsun, lungun ya fara zafi, ƙarfen da na dafa ya ƙona ni.

Ba mutuwar ce ta fi tayar mini da hankali ba. Kowa zai mutu. Abin da ya fi damuna shi ne ba wanka, ba likkafani, ba salla. Za a ce wani baƙar fata ya gudu daga aiki, kamar yadda wasu ke gudu. Matata a Kurna za ta yi ta jira, ba ta san ko ta yi takaba ba. Ni kuma ina nan cikin kabari irin na Fir'auna, mutane na wucewa ta ƙasa da turarensu. Na yi kalmar shahada ya fi sau nawa, harshena na maƙalewa.

Can sai maganar mutumin Damagaram ta faɗo mini. Rijiyar gefe. Na ce ko ƙarya ce, mai gini ba ya rasa barin wata kafa. Na ɗauki falmaran, na kama rarrafe ta gefen gabas, ina bin ƙarafa, tocilar na yin ja. Noti ya yage mini gwiwa, ban tsaya dubawa ba. Ban san tsawon da na yi ba. Na dai hango wani ɗigon haske, na nufe shi.

Ba ƙofa ba ce. Rami ne da aka bari don wayar lantarki, hannu kawai ke shiga. Na zura hannu na yi ta kaɗawa, ba wanda ya ɗaga kai. Wa ke kallon sama a wannan rana? Na gwada tura falmaran, sai na ji tsoron iska ta tafi da shi. Na cire takalmin aiki, ya ƙi wucewa. Sai na ɗaure sifana a cikin falmaran, na matsa shi da ƙarfi ta ramin, na saki. Na ji yana gangarawa a jikin dutsen, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Daga nan shiru.

Injin ya mutu. Na ji muryar Usta daga ƙasa, irin wadda ban taɓa ji ba.

"Ya Haj! Ya Haj, kana ina?"

Kafin su kwance dutsen la'asar ta wuce. Suka jawo ni ta hammata kamar buhu. Usta ya zazzage mini gorar ruwa a ka, ya zage ni, ya zagi falmaran, ya kira ni jaki.

"Da hannuna na ɗaure dutsen nan," ya ce. "Wallahi na duba, babu riga." Ya zauna a kan bulo. "Maganar ran nan wasa nake yi maka. Sun fita. Kowa ya koma gidansa."

"Yanzu kake faɗa?" na ce.

Na so in ce ba zan koma ba. Amma takardata a hannun kamfani take, kuma aikin da na iya ke nan. Washegari na shiga motar da kowa. Na samo waya mai kauri na ɗaure falmaran a bakin rami na gaba, ƙulli uku, yadda ko ni ba zan iya zare shi daga ciki ba. Na sa Usta ya zo ya taɓa shi da hannunsa. Sannan na yi bisimilla, na kunna tocila, na shiga da baya ina kallon hasken.