Fasfon Tsuntsu

Wata Asabar da hantsi, a kakar shekarar da na shiga aji shida, ina kwance rub da ciki a gonarmu ta hanyar Dogon Dawa, kyamarar Baba a hannuna, cinnaku na cizona amma ban isa in motsa ba. Shanun Baffa Ja'e, makiyayin da ke sauka gonarmu bayan girbi, suna cin kara a gabana. A tsakanin ƙafafunsu ga ƙananan tsuntsayen nan masu rawayan ciki, suna kaɗa jela suna cafkar ƙwari. Ba ma ganinsu sai damina ta ɗauke, kafin wata daminar kuma sun ɓace. Baffa ya ce daga bayan hamada suke zuwa.

Baba shi ne mai hoton unguwarmu a Birnin Gwari, kuma a shekarar ce yanar ido ta fara rufe masa gani. Yayyena maza ƙwallo ce kawai a gabansu. Ya ce in babu mai riƙe kyamarar a gidan, kafin salla zai sayar da ita. Ni da nake share shago, nake riƙe farin ƙyalle a bayan masu fasfo, na ce zan iya. Ya yi dariya, ya bar mini ragowar fim ɗin da ke ciki, ya ce wanda ya iya ɗaukar abin da ba ya zama wuri ɗaya, amarya ba za ta gagare shi ba.

Sati guda muka jira aka wanko hotunan daga Kaduna. Ya kai ɗaya dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa. Na kafa tsuntsun cak a tsakiya, yadda na saba gani a shago. "Uwata," haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, "fasfo kika yi masa? Makka za shi? Matafiyi ne, ki bar masa fili a gabansa." Na je bayan rumbu na sha kukana, kunya da haushi sun cika ni.

Washegari ya yanka mini kwali mai taga irin ta kyamara, don in koyi saiti. Da shi na riƙa leƙen kaji da tantabaru tsakanin surfe da ɗebo ruwa, har Inna ta ce na zama 'yar leƙen asiri. Sai da na yi wata biyu a haka ya sake sa mini fim, na koma cikin shanun.

Da hoton ya dawo, Baba ya riƙe shi a juye bai sani ba. "Faɗa mini abin da ke ciki," ya ce. Na ce tsuntsu na can ƙasa ta hagu, gabansa kara ne da ƙafar saniya, sai daji daga nesa. Ya laluba ya rataya mini kyamarar a wuya.

Da wannan sana'ar nake shiga gidajen biki har yau, da ita na sa 'ya'yana makaranta. Gonar kuwa ta gagare mu zuwa saboda 'yan bindiga, Baffa Ja'e ma ban san inda ya kora shanunsa ba. Amma tsuntsayen ba su fasa zuwa ba, duk kaka ina samunsu a filin makarantar bayan gidana. Allah ya jiƙan Baba, wanda ya koya mini gani a shekarar da nasa ya ƙare.