Tafintan Mista Colbeck

Tavengwa Mhike bai zaɓi aikin tafinta ba. Ya fito daga makarantar mishan da Turanci a bakinsa, Mista Colbeck kuwa, mai gonar taba a Marandellas kuma ɗan majalisar Turawan Rodeshiya, yana neman mai juya masa magana zuwa harshen Shona. Shekara goma sha tara suka yi tare, Bature a kan dakali, Tavengwa a ƙasa da hula a hannu.

Maganar Colbeck ba ta sauyawa. Ƙasa ta rabu da Ingila, amma mulki na Turawa ne, baƙar fata ya jira, wataƙila jikokinsa su kai. Tavengwa yakan faɗa tiryan-tiryan, ba ƙari ba ragi. Dattawa su tafa, tunda ga 'yan sanda tsaye.

"Baban Garikai, wai ba ka jin komai in kana faɗin wannan?" matarsa Chipo ta tambaye shi tana tuƙa sadza, tuwon masararsu.

"Bakina kawai ya ara."

"To ka ce ya dawo maka da shi, mu ma mu ji muryarka."

A 1976 ɗansu Garikai ya tsallaka Mozambik ya shiga cikin mayaƙan neman 'yanci. Bayan shekara biyu sojoji suka shimfiɗa gawa huɗu a bakin kasuwa, aka tara mutane su gani. Colbeck ya yi jawabi, Tavengwa ya fassara. Ta uku Garikai ne, da karyayyen haƙorinsa ya gane shi. Ya kai jawabin har ƙarshe, har da "na gode da zuwanku". Da ya faɗa wa Chipo ta zube tana kururuwa. Shi kuwa ya ɗebo ruwa ya zuba wa kaji.

Makon da Rodeshiya ta samu 'yanci aka ɗaga tutar Zimbabwe, gari na ta rawa, Colbeck ya ɗaure kayansa zai koma Afirka ta Kudu. Ya miƙa wa Tavengwa hannu, karo na farko.

"Ka san ban taɓa ƙin ka ba, Tavengwa."

Tavengwa ya waiwaya yana neman waɗanda zai fassara wa. Babu kowa sai direba. Ya karɓi hannun, ya saki.

Shi da Chipo suka koma ƙauyensu, ya kama gyaran kekuna a gindin bishiya har ciwon ƙirji ya ɗauke shi a daminar 1991. Chipo ce ke zuwa taron tunawa da mayaƙa duk shekara. Shi yakan raka ta tasha, ya jira motar ta tashi, ya dawo bakin aikinsa.